Tukwanen da Na Gina Don in Fasa

Na zo Manchester ne karatun digiri na biyu a fannin tonon kayan tarihi, kuma na zaɓi in rubuta kundina a kan yadda mutanen Maya suke dafa gishiri a gaɓar tekun Amurka ta Tsakiya, fiye da shekara dubu da suka wuce. Har yanzu in aka tambaye ni a gidan suna ko wajen buɗe baki, sai na ɗan yi jim kafin in amsa, don na san fuskar da za a yi mini. Wasu dariya suke yi. Wasu kuma, masu kirki, sai su ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Ban taɓa zuwa wurin ba, gara in faɗi wannan tun da wuri. Duk abin da na sani a rahotannin masu tono na karanta shi, sai hotuna. Wani tafki ne mai haɗe da teku, ruwansa ba zurfi sosai. A da can busasshiyar ƙasa ce, daga baya teku ya taso ya shanye ta. A ƙarƙashin ruwan akwai baƙin taɓo na saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma taɓon nan ya hana katako ruɓewa. Shi ya sa masu bincike suka tarar da turakun gine-gine a kafe yadda aka kafa su. Wasu ɗakunan na dafa gishiri ne, wasu kuma, bisa ga alamu, na kwana ne. An samu filafilin tuƙa kwalekwale, an samu 'yan usur na yumɓu. Usur ɗin ne ya kama ni. Wani ya zauna a bakin wuta yana jiran ruwa ya ƙafe, ya gaji da jira, ya ɗauko abin busa. Ko kuwa ba haka aka yi ba. Ni dai haka na gani a raina, kuma na san abin da mutum ya gani a ransa ba hujja ba ne.

Abin da ya fi yawa a wurin shi ne tsingaro. Fasassun tukwane birjik, marasa ado, ginin gaggawa, tare da wasu ƙafafu na yumɓu da ake ɗora tukwanen a kai saman wuta, kamar duwatsun murhu. Tambayata ƙarama ce. Me ya sa suka farfashe da yawa haka? Gishirin ne ke ratsa jikin yumɓun ya cinye shi har ya tsage, ko kuwa da gangan ake fasa su in gishirin ya daskare, a ciro curin a loda a kwalekwale a kai biranen cikin ƙasa? Ban yi zaton zan warware wannan ba. Niyyata ita ce in gina irin tukwanen, in auna nauyin kowace, in dafa ruwan gishiri a ciki, in sake aunawa, sannan in fasa in duba iya inda gishirin ya shiga. Sharaɗi ɗaya aikin yake da shi: kada wani abu ya shiga tukunya kafin ruwan gishirin, ko da ruwan famfo ne.

Malamar da ke duba aikina Baturiya ce mai haƙuri, kuma ba na so a yi mata mummunar fahimta saboda abin da zan faɗa. Tun zamanmu na farko ta ce mini, cikin fara'a, ai yankinmu yana da dogon tarihin gishiri, me zai hana in duba can? Na ce na sani. Na san kantu, na san manda, na ji labarin matan Awe da Keana masu tace ƙasa su dafa. Ta ce to, ga harshe ina da shi, ga dangi, ga hanya. Na ce zan yi tunani. Abin da ban iya faɗa ba ranar shi ne, a ajinmu akwai wani saurayi ɗan Yorkshire da ke rubutu a kan kaburburan Masar, kuma ban ji wanda ya tambaye shi me ya hana shi rubutu a kan ramukan kwal na garinsu ba. Na koma gida na yi tunanin kamar yadda na yi alkawari, na dawo na ce Maya dai. Ta yarda, amma ta ce in gwajin bai yi ba, wancan yana nan a ajiye. Maganar nan ta tsaya mini a rai duk tsawon hunturun.

Ban taɓa ginin tukunya ba a rayuwata. Na koya ne a wani ɗakin masu ginin yumɓu da ke ba ɗalibai wuri. Na cuɗa yumɓu da yashi, na mulmula, na ɗora, ya zube, na sake. Hannuwana suka yi kaushi har na daina sa lalle. A garin da rana ba ta fitowa, tukunya ba ta bushewa sai ta ga dama, kuma in ka matsa mata ta tsage. Bayan ta bushe ma sai ka bi layi kafin a ba ka tanderun gasawa. Zuwa ƙarshen sanyi na tsira da kusan dozin, karkatattu, masu kaurin baki, amma sun yi kama da na hoto fiye da yadda na zata. Na auna kowace sau biyu, don ban yarda da kaina ba.

Saura wurin hura wuta. Flat ɗina a Whalley Range yana saman wani tsohon gida da aka yanka ɗaki-ɗaki, kuma ɗan filin bayan gidan kwandunan shara ne suka cinye shi. Mai gidan bai ma bari na gama bayani ba. Sai na tuna Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Akanta ce, mai lissafin kuɗin kamfanoni, ta daɗe a Birmingham. Mijinta likita ne, suna zaune a Erdington a gida mai garden a baya da ɗan ɗakin ajiye kaya na katako. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata take kirana, ko da tana yi mini faɗa ne. Na naɗe tukwanen a tsofaffin zannuwa, na jera su a akwati biyu, na hau jirgin ƙasa ina riƙe da numfashi duk lokacin da ya yi girgiza.

Ranar da na kai su ruwa ake yi, kuma an ce haka za a yi ta yi har wani lokaci. Ba dama a hura wuta. Muka zauna cin tuwo, mijin Goggo ya dube ni ta saman tabarau.

"Farfesan gishiri! Har yanzu ana nan ana fama?"

"Ana nan, Baba."

"Kin san abin da nake yi daga safe zuwa yamma? Hana patients ɗina cin gishiri. Ke kuma an ɗauko ki tun daga Kano ki koya wa duniya yadda ake ƙaro shi."

"Na mutanen da ne, Baba. Sun mutu."

"Hawan jini ne ya kashe su, ki rubuta na gaya miki." Ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya gyara murya. "A'a, maganar gaskiya. Public health na nan. Shekara ɗaya, ki fito ki samu aiki. Su waɗannan mutanen naki, ba Musulmi ba ne, ba 'yan'uwanmu ba ne, ko a taswira ban san inda suke ba."

Goggo ta ce, "Ka ƙyale mini uwa ta ci abinci."

Na ci gaba da cin tuwona. Na iya shiru, a gida aka koya mini. Kafin in tafi na kai akwatunan ɗakin katakon, na ce wa Goggo, "Na experiment ne, a bar su nan sai na dawo." Ta ce ba komai, suna hannun amana. Na sha juya wannan maganar a raina daga baya. Wataƙila da na ƙara bayani. Amma ban ga ta inda zan hango abin da ya faru ba, kuma har yau ina ganin "a bar su nan" magana ce cikakkiya.

Da yanayi ya gyaru na koma, ɗauke da jarkokin ruwan gishirin da na haɗa. Tun daga ƙofar gida na ji ƙamshi, irin na ruwan randar kakarmu. Goggo ta tare ni da murna, ko mayafi ban ajiye ba ta ja hannuna zuwa kicin.

"Uwata, zo ki ga aiki."

Suna jere a kan kanta, a kife, a kan tsabtataccen tawul. Na bar su jajaye, masu garas-garas. Yanzu sun yi duhu, suna sheƙi. Biyu daga cikin manyan suna gefe a tsaye, an rufe su da faifai.

"Goggo, me aka yi musu?"

"Gyara mana. Na shiga shed, ɗakin katakon nan, neman abu na gan su, na ce bari in duba aikin uwata. Ɗanyu ne shakaf. Na zuba ruwa a ɗaya, kafin in idar da salla gindinta ya jiƙe sharkaf. Shi wanda ya koya miki bai gaya miki ana gyara sabuwar tukunya ba? Turawa ke nan. Na jiƙa su, na tafasa ruwan koko a kowace, na shafe su da man gyaɗa ciki da bai, na sake ɗorawa. Day off na ɗauka musamman. Waɗancan biyun kuma na turara su, ɗauki kofi ki sha ki ji."

Na jingina da bango.

"Goggo, ai so nake su yi naso."

"Ki so me?"

"Nason nake son in auna. In ga iya inda gishiri zai shiga. Yanzu kin toshe ko'ina. Nauyin da na auna ma ya tashi a banza."

"Ke, wa ya taɓa son tukunya mai yoyo? In kin ɗora su haka, ko wata ba za su yi miki ba."

"Ba wata nake so su yi ba. Fasa su zan yi."

Ta saki faifan da ke hannunta. Ta dube ni kamar na ce zan yanka mage.

"Ki fasa? Duk wahalar nan, hannunki ya koma kamar na mai dakau, don ki fasa?"

"Haka aikin yake."

"To wannan ba aiki ba ne, ɓarna ce."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ranar ko bayanta. Kuma in zan yi adalci, na fahimci dalili. Rabonta da taɓa tukunyar ƙasa tun tana budurwa a gaban mahaifiyarta. Ta buɗe akwati a wani ɗakin katako a Birmingham ta ga sababbin tukwane, hannunta ya tuna abin da ake yi musu, ta yi. A wurinta tukunya abu ce da ake lallaɓawa ta daɗe. Ba ta da wurin ajiye zancen tukunyar da aka gina don yini ɗaya.

Mijinta ya shigo da kofin shayi, ya ji ƙarshen maganar. Ya tambaya, aka gaya masa. Ya yi ƙoƙari ya riƙe dariya, ban ce bai yi ba.

"To alhamdulillahi," in ji shi. "Allah ne ya raba ki da wahala ta hannun goggonki. Yaushe ne deadline? Ai ba ki da lokacin sake wasu. Ki je ki gaya wa supervisor abin ya ƙi, a ba ki wani abu mai amfani."

Gaskiya ya faɗa game da lokacin. Ginin, shanyar, layin tanderun, ba yadda za a yi su shiga abin da ya rage mini. Na san haka tun ina jingine da bangon. Amma jin sa daga bakinsa, da shayi a hannu, shi ya miƙar da ni.

"Baba, ina ashana?"

"Ashanar me?"

"Wuta zan hura. Ai wurin hura wuta na roƙa, kuka ba ni."

"Kin ce sun lalace."

"Sun lalace. Zan dafa duk da haka."

"In maƙwabta suka kira hukuma, 'yan council, fa?"

"Sai ka ce musu wata mahaukaciyar 'yarku ce daga Manchester."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya dubi Goggo, ya buɗe durowa ya miƙo mini.

Na haƙa ɗan rami a ƙarshen garden, na kafa ƙafafun yumɓun uku-uku, na ɗora tukwanen. Ba don awo na yi ba, awo ya riga ya tafi. Na yi ne don kada in koma Manchester da ruwan gishirina a jarka kamar yadda na zo da shi. Ƙafafun suka yi ta tuntsurewa, sai da na gane dole a binne gindinsu sosai. Itacen bai bushe ba, hayaƙi ya bi ni duk inda na koma. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta saman shinge ta tambaya ko nama nake gasawa. Na ce gishiri. Ta ce madalla, ta koma ciki, ina jin don kada ta ƙara tambaya.

Ruwan ya tafasa da wani kumfa mai maiƙo, wurin ya ɗauki warin koko da ya kama. Na yi ta ƙara ruwa da kaɗan-kaɗan in ya ja. In na yi nisa wuta ta mutu, in na matso ido ya yi ja. Na je salla a gurguje na dawo na tarar ɗaya ta kusa ƙonewa. A nan ne na fara ganin wani abu da karatu bai nuna mini ba. Aikin nan ba ya barin mutum ya je ko'ina. Yana cin itace kamar me, yana cin yini, kuma ba wuya gare shi ba sai tsarewa. Da ni ce nake yin sa kullum, lalle a gefensa zan gina ɗakin kwanana, in dafa abincina a wutarsa, yarana su tashi da warin hayaƙinsa a jiki. Ban ce wannan ne ya sa mutanen Maya suka gina gidajensu kusa da ɗakunan gishirin ba. Yini ɗaya a Erdington bai isa ya ba ni bakin faɗin haka ba. Amma na daina mamaki.

Wajen la'asar gishirin ya fara taruwa, da farko a gefe, sannan ya haɗe a ƙasa. Ba fari ba ne, ruwan toka ne mai ɗan rawaya saboda man. Na bar shi ya sha iska ya yi tauri. Na ɗauko guduma daga ɗakin katakon.

Goggo tana tsaye a ƙofar kicin. Da na buga ta farko ta ce, "Innalillahi!" kamar a jikinta. Tukunyar ta rabe, curin gishirin ya fito da siffar gindinta, da ɗumi, ya cika mini tafin hannu. Na daɗe ina riƙe da shi. Sannan na fasa ta biyu, na fasa ta uku. Ban yi sauri ba, ban kuma waiwaya ba. Da na gama na shiga ɗauko biyun da ta turara, na tarar babu su a kan kanta.

"Goggo, ina manyan?"

"Suna inda hannunki ba zai kai ba."

"Nawa ne fa."

"Na ji. Waɗannan dai ba za ki fasa ba, ko malamarki da kanta ta zo."

"To ki sani ba kyauta na ba ki ba. Ƙwace kika yi."

"Ki kai ƙara council."

Na bar mata. Ba su da sauran amfani a wurina ko ta wace hanya.

Na koma Manchester da curin gishiri a jaka da kayana masu warin hayaƙi, na nemi ganin malamata. Na shirya za ta nuna takaici. Na ba ta labarin daga farko, ban rage ba, har da kokon da man gyaɗan da turaren. Ina magana ina ganin fuskarta tana washewa. Kafin in gama ta matso bakin kujera.

Ta ce wannan ba asara ba ce, wannan shi ne kundina. Ta ce ga mace daga Afirka ta Yamma, ta ga ɗanyar tukunya, ta san abin da za ta yi mata ba tare da an gaya mata ba. Wa ya sani ko mutanen Maya ma suna toshe nasu? Ta ce in yi hira da Goggo, in rubuta yadda ake gyaran tukunya a wurinmu, in haɗa da matan Awe da Keana, in kwatanta. Ba sai na sake gini ba. Zan gama a kan lokaci, in sa riga tare da 'yan ajinmu, kuma tana ganin har mujalla za ta iya karɓa.

Ba zan ɓoye ba, na so. Mahaifina ya riga ya fara maganar zuwa bikin kammala karatun. Na gaji da yumɓu. Kuma tambayar da ta yi ba ta banza ba ce, zai yiwu suna toshewa, ya kamata wani ya bincika. Na zauna ina kallon curin gishirin a kan teburinta, ina neman kalmomin da ba za su zama rashin kunya ba.

Na ce, "Ban ga shaida ko ɗaya ba, a abin da na karanta, cewa an shafa wa tukwanen can wani abu. Wataƙila akwai, ni ce ban gani ba."

Ta ce ai shi ya sa kwatancen zai buɗe hanya.

Na ce, "Goggona akanta ce. Lissafin kamfanoni take yi a Birmingham. Ba ta taɓa dafa gishiri ba, ba ta taɓa zuwa Awe ba, ni ma haka. Abin da ta yi wa tukwanena kuskure ne. Na san da zuciya ɗaya ta yi, amma kuskure ne, kuma in zan rubuta shi, da wannan sunan zan rubuta shi."

Na riga na fara, sai na ci gaba.

"Tun da na zo ake nuna mini hanyar gida. A nan ana cewa in rubuta abin da na gada, a Birmingham ana cewa in karanta abin da zai ba ni aiki. Ni kuwa waɗannan mutanen nake son in sani, kuma ba don sun yi kama da mu ba. Ban san ko sun yi kama da mu ba. Ina ganin ina da damar in so sanin abin da ba nawa ba, kamar kowa a ajin nan. In na yi kuskure ki gyara mini."

Ba ta gyara mini ba, ba ta kuma ce na yi daidai ba. Ta ce ba haka take nufi ba, kuma na yarda ba haka take nufi ba. Ta tambaye ni ko na san abin da hakan zai jawo: neman ƙarin lokaci, sake gini daga farko, rasa bikin bazara, kuma bayan duk wannan gwajin yana iya ƙin ba ni amsa. Na ce na sani. Ta ce to za ta goyi bayan ƙarin lokacin, amma har yanzu tana ganin na bar kundi mafi kyau a ƙasa. Zai yiwu ta fi ni gaskiya. Ta fi ni sanin abin da masu jarrabawa ke so.

Na kira mahaifina na ce ya dakata da shirin tafiya. Ya tambaye ni ko na faɗi ne. Na ce a'a, na ƙi ne. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya miƙa wa mahaifiyata wayar. Mijin Goggo da ya ji labari ya aiko mini da saƙo cewa taurin kai ba digiri ba ne. Na rubuta amsa har sau uku ina gogewa, daga ƙarshe na aika masa cewa zan sake buƙatar garden ɗin da kaka, in ba damuwa. Ya ce garden na goggona ne, in tambaye ta. Na tambaye ta. Ta ce in zo, amma ranar ba za ta kasance a gida ba, ba za ta iya kallo ba.

Haka aka yi. Tukwane na biyu ban bar su sun kwana a ko'ina ba sai ɗakina, kuma ranar da na kai su Erdington ranar na ɗora su. Suka yi naso kamar yadda na yi tsammani, gishiri ya fito ta bayansu fari fat, fatar wasu ta ɓare. Kaɗan suka tsage kafin ruwan ya ƙafe, sauran suka kai ƙarshe sai da na sa guduma. Ke nan gwajin bai raba gardamar ba. Abin da na iya rubutawa shi ne, duka biyun za su iya faruwa a murhu ɗaya, kuma wataƙila tsingaron da gishiri ya tsaga yana da alamar da za a bambanta shi da wanda hannu ya fasa, in wani mai kayan aiki fiye da nawa ya duba. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ko shi sai da na kewaye shi da sharuɗɗa. Masu jarrabawa suka ce aikin tsaf yake amma ƙarami ne. Ban musa ba.

Amma ranar da na fi tunawa ta riga duk wannan. Ranar bikin 'yan ajinmu ce, da bazara. Na manta da ita ce, ko kuma na sa kaina na manta. Na sauko daga bas da buhun yashi a kafaɗa, zan je ɗakin gini, sai na faɗa cikin taro: riguna baƙaƙe, huluna, iyaye da furanni, ana ta ɗaukar hoto. Wata 'yar Katsina da muke haɗuwa a masallaci, ita injiniya ta karanta, ta hango ni ta taho da gudu tana riƙe da hularta.

"Ke! Ina rigarki? Ba yau ba ne ku ma?"

"Sai hunturu, in Allah ya kai mu."

"Subhanallahi, me ya faru?"

"Goggona ce ta dafa koko."

Ta tsaya tana kallona, tana jiran sauran bayani. Mahaifiyarta tana kiranta daga nesa a zo hoto. Na yi mata barka, na ce ta gaishe da Mama, na gyara buhun a kafaɗata na ratsa ta tsakiyar masu rigunan, ina ba da haƙuri in na goge wani. Yumɓun da na jiƙa tun jiya yana jirana, kuma in ya wuce lokacinsa sai an sake cuɗawa.